Motar da Na Ce Jabu Ce

Zuwa ga Yayana, Malam Lawal mai gyaran agogo,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina miƙo gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, tare da tambayar ƙarfin jikinka, da lafiyar ɗanka Bashir da iyalinsa, da yadda zaman Kano yake karɓarka. Mu nan Tudun Wada muna lafiya, sai godiyar Allah. Damina ta kankama, layinmu ya koma yadda ka san shi, masu keke ba sa yarda su shigo sai an roƙe su.

Na san za ka yi mamakin wasiƙa daga mutumin da yake da lambar wayarka. Dalilin ba shi da tsawo. Abin da na yi maka a gaban jama'a na yi shi, don haka ba zan laɓe a ɗaki in kira ka in ce ka yi haƙuri ba, kamar wanda ya taka maka ƙafa a masallaci. Zan saka takardar nan a zaurenmu na waya, na masu wasa da motar rimot, inda duk wanda ya tsaya a filin makaranta a waccan Asabar zai gan ta. Waɗanda suka yi dariya su karanta. Waɗanda suka sunkuyar da kai su ma su karanta, su san na gan su.

Akwai sababbi a zauren da ba su san ka ba, shi ya sa zan faɗi abubuwan da ka fi ni sani. Ka yi haƙuri da maimaici.

Kana da shekara goma sha tara, ni ina aji biyar a firamare, lokacin da wani Baturen malami daga Samaru ya riƙa kawo maka agogonsa a teburinka na bakin kasuwa. Da zai koma ƙasarsu sai ya zo da wani kwali ya ajiye maka. Ɗansa ya saya wa, ɗan kuwa ko buɗewa bai yi ba. A jikin kwalin akwai hoton wata mota mai manyan tayoyin baya, tana tsalle a kan tudu. Ka ɗauro shi a bayan kekenka, Inna ta ɗauka rediyo ka sayo, har ta fara faɗa.

Da muka buɗe, ba mota a ciki. Ledoji ne cike da noti, da robobi a maƙale da juna, da tayoyi huɗu, da wani littafi. Na kusa yin kuka. Kai kuwa fuskarka ta washe, ka ce, “Ai wannan ta fi. Wadda aka haɗa maka ba ka san cikinta ba.”

Sati uku muka yi a zaure, kullum bayan la'asar idan ka tashi daga kasuwa. Tiren Inna mai fure, wanda ba a fito da shi sai an yi baƙi, shi ka ɗauko muke zuba noti don kada su gangare. Ita kuma kullum sai ta leƙo ta ce idan muka kankare mata fure za mu gane kurenmu. Ni nake riƙe littafin ina karanta Turancin da ƙarfi, kai kana haɗawa. A nan ka sa mini suna Malam Karatu. Sai da na girma na sake duba littafin, na ga ashe zane ne daga farko har ƙarshe, wanda bai san harafi ko ɗaya ba ma zai iya bi. Ba ka buƙatar karatuna. Ka dai ba ni aiki ne don in ce da ni aka yi.

Abu ɗaya ka hana ni, gaggawa da sukundireba. Sau ɗaya ka ba ni in ɗaura, na danna da ƙarfi, ka riƙe hannuna. Ka ce, “Ba a yi wa noti dole. Juya shi baya tukuna, sai ka ji ya zauna, sannan ka ɗaure.” Har yau ko marfin kwalba zan rufe sai na juya shi baya tukuna.

Ja ce a jikin kwali, ni ma ja nake so. Ka je garejin masu fentin mota, ragowar shuɗi kawai ka samu a gindin gwangwani. Na yi ta ƙunƙuni, ka ce idan ta fara gudu ba wanda zai tsaya tambayar launinta.

Haka kuwa aka yi. A batirin tasin maƙwabcinmu muke yi mata caji, a jira minti goma sha biyar, ta yi gudun minti biyar, batir ya mutu. Amma a cikin minti biyar ɗin nan layinmu kaf ya fito, har dattawan kan dakali suka janye ƙafafunsu suna salati. A rana ta uku ka ba ni rimot. Ban yi nisa ba na buga ta da bakin kwalbati. Hannun gaba na dama, robar nan da ke riƙe taya, ya karye gida biyu.

Na tsaya ina jiran mari. Ka tsuguna, ka tsince guntayen ka zuba a aljihu. A lokacin ba inda za a sami irin robar nan, ko da an je Kaduna. Ka samo wani mataccen agogon bango, ka ciro farantin tagullar da ke cikinsa, ka zana hannun a kai, ka yi kwana huɗu kana gogawa da magagari a tsakanin masu kawo gyara. Da ka ɗaura, hagu baƙar roba, dama ƙarfe rawaya mai ƙyalli. Ta yi shekaru tana gudu a haka, ko lanƙwasa bai yi ba.

Ranar da na sami gurbi a jami'a ka miƙo mini ita, ka ce tukuicina ke nan.

Daga nan labarin ya fara ɓaci, kuma ni na ɓata shi. Na kama aiki, na yi aure, na sauke farali, motar tana saman sif tana shan ƙura. Sai waya ta zo mana da duniya a tafin hannu, na gano ashe akwai mutane a ƙasashe da yawa da suke tara irin waɗannan tsofaffin motoci, kuma tamu tana cikin waɗanda ake nema ido rufe. A wurinsu na koyi wata kalma, wai asali. Noti na asali, taya ta asali, sitika ta asali. Na koyi kifa bodi in duba hatimin da ke ciki. Na koyi bambanta tsohuwar roba da sabuwa daga launi. Na zama malamin abin da ba wanda ya tambaye ni, abu ya zame mini ciwo.

Da shuɗin fentinka na fara. Na kankare shi na mayar da ita ja, yadda take a kwali. Sannan hannunka na tagulla ya fara tsone mini ido, idan zan ɗauki hoto sai in juyo gefen hagu. Na yi wata da watanni ina cigiya har na sami hannun roba na asali a wajen wani a ƙasar waje, aka aiko mini. Ranar da ya iso na kwance naka na jefa a kwandon tarkace, da ’yan gwangwan suka zo wucewa aka haɗa musu da tsofaffin gwangwanaye. Ban tambaye ka ba, ban ma gaya maka ba. Daga ranar kuma motar ba ta sake taka ƙasa ba, domin roba mai shekara arba'in ko tsakuwa ta buga sai ta fashe. Na sa ta a durowar gilashi a falo. ’Ya’yana sun tashi suna kallonta kamar jeren ɗakin amarya, ba mai taɓawa.

Mu kusan goma sha biyu ne muke haɗuwa a filin makarantar firamare duk Asabar da yamma, yawancinmu da furfura, kowa da motarsa. Ni nakan zo da wata ta zamani in yi gudu da ita, tamu kuma in kawo ta a akwati don a gani a yaba.

Bara kamfanin da ya ƙera ta ya sake fito da ita. Mota ɗaya, kwali ɗaya, hoto ɗaya, sai dai sabuwa fil. Zaurenmu ya rabu. Malam Ishaya, tsohon malamin makarantar nan na Wusasa da ya fi kowa zuwa fili da wuri, shi ne a gaban masu murna. Ya ce yana yaro ta shinge ya taɓa leƙa irinta a gidan Turawa, ga shi da tsufansa Allah zai nuna masa tasa. Ya ce kayan gyara sun samu, yanzu mutum zai saki mota ta yi gudu ba tare da gabansa yana faɗuwa ba. Kullum maganarsa ɗaya ce, “Don gudu aka yi ta, ba don kallo ba.” Wani likita a cikinmu ya ce shi biyu zai saya, ɗaya ya ajiye a kwali ɗaya ya yi wasa da ita, aka ce ciwonsa ya fi na kowa. Matasan kuwa suka ce da tsohuwar da sabuwar duk tafiyar kunkuru suke yi, mu dattawa mu ƙarata.

Ni ne limamin masu ƙi. Na yi rubuce-rubuce masu tsawo waɗanda yanzu ba na iya karantawa. Na ce sun canja rubutun sitika. Na ce doguwar eriyar nan mai rawa a iska sun mayar da ita guntuwa. Na ce abin sarrafa gudu na da, wanda yake zafi har ya ƙona yatsa, sun cire sun sa na zamani, saboda haka motar ba ta da rai. Ka ji fa, Yaya, wai ina kukan an daina ƙona mini yatsa. Abin da na fi yi wa hayaniya kuwa shi ne hannuwan gaba, wai sun mayar da su ƙarfe, sun ɓata mota.

Duk wannan ado ne. Gaskiyar ita ce, na yi shekaru ina taƙama ni kaɗai nake da irinta a Zariya, sai ga shi duk mai so zai yi oda a kawo masa har gida. Hassada ce da tsoro, na naɗa musu rawani na kira su ilimi.

Sai waccan Asabar, cikin zafin bazara. Mun ja igiya mun zagaye inda motoci suke bi, na ɗora tamu a kan benci. Keken haya ya tsaya a bakin fili, ka sauko da babbar leda a hannu. Ba ka taɓa zuwa ba, domin ban taɓa gayyatarka ba. Farar rigarka ta Juma'a ka sa. Ka bi mutane ɗaya bayan ɗaya ka gaisa da su, har da waɗanda ka haifa. Sannan ka zo wurina ka zaro kwalin, ka ce, “Malam Karatu, dubi abin da Bashir ya samo mini. Na ce ko za mu…”

Ban bari ka ƙarasa ba. Na karɓe kwalin daga hannunka, na juya bayansa, na nuna wa mutane inda aka buga sabuwar shekara. Na ce, “Yaya, ai jabu aka kawo maka. Wannan ta ’yan koyo ce.” Aka yi dariya. Dariyar ta yi mini daɗi, sai na ƙara. Na nuna ta kan benci na ce ga mota nan, ko noti ɗaya babu baƙo a jikinta. Wani ya ce ai ya taɓa ganin tsohon hotonta da wani ƙarfe rawaya a gaba. Na ce, “Wani tarkace ne na gyaran bakin titi, tuni na cire na zubar.”

Kana tsaye. Tsakanina da kai bai fi taku ɗaya ba.

Dariyar ta ragu, don akwai waɗanda suka san sana'arka. Malam Ishaya ya duƙa yana taɓa tayar motarsa da ba abin da ya same ta. Kai kuwa ka miƙo hannu biyu, na ɗora maka kwalin. Ka ce, “Ba laifi, Alhaji. Ban san haka abin yake ba.” Ka juya za ka tafi, ka yi tuntuɓe da igiyar da muka ja, har sai da wani ya tare ka. Na ce a raina fushi ne ya rufe maka ido.

Na dawo gida ina gaya wa kaina ai gaskiya na faɗa. Har na rubuta a zaure cewa a riƙa tambayar masana kafin a sayi kaya. Uwargida ta ji labari a bakin maƙwabta, ta ce in je in ba ka haƙuri tun abin yana ɗanye, na ce mata ba ta san harkar ba.

Ba ka yi gaba da ni ba, da ma ka yi, da ya fi mini sauƙi. Na kira ka ka ɗauka. Na zo gaisuwar Sallah ka sa aka kawo mini abinci, ka tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Abu ɗaya ne ya canja. Tun daga filin nan ban sake jin Malam Karatu a bakinka ba. Alhaji ka zo lafiya, Alhaji a gaida gida, kamar wani wanda ya kawo gyaran agogo. Na ji, na gane, na yi kamar ban gane ba. Da Bashir ya zo ya tafi da kai Kano, aka ce ciwon suganka ne ya ɗan tashi za a duba, na aika da gaisuwa na ci gaba da harkokina.

Ranar Talatar da ta wuce Malam Ishaya ya yi sallama a ƙofar gidana da kwalin nan a hammata. Ashe kafin ka tafi ka kai masa, ka ce ya haɗa ya yi wasa da ita tunda shi ba ya ƙyamarta. Ya ajiye sai ya sami sarari. Da ya buɗe ya ga abin da ke ciki, ya mayar ya rufe ya taho. Ko zama bai yi ba. Ya ce, “Alhaji, wannan ba tawa ba ce. Ka duba mataki na uku na littafin.” Ya hau mashin ɗinsa ya tafi.

Na shiga na buɗe a kan tebur. Ledojin duk a rufe suke, ta farko kaɗai aka yanka. An haɗa giyabos, wato akwatin giyar motar, an rufe shi, an ɗaura noti uku. Na ɗaga shi wajen taga.

Duka ukun a karkace suka shiga. Ɗaya ya cinye robar har ta yi fari a gefe. Na biyun kansa duk ya kakkarce saboda zamewar sukundireba, robar da ke kewaye da shi ma ta sha yaga. Na ukun ba ma raminsa ba ne, dogo ne aka sa a gurbin gajere, ya huda ya fito ta baya. A cikin littafin kuma an bi lambobin shafin farko da baƙin alƙalami mai kauri an ƙara musu girma.

Na san hannun da ya yi aikin nan. Ya shekara arba'in yana ɗaukar notin agogon mata da hantsaki, notin da idan ya faɗi ƙasa sai an share wurin an tankaɗe. Wannan hannun ba ya sa noti a karkace, sai idan mai shi ba ya ganin ramin.

Na kira Bashir. Ya yi ta kewaye-kewaye, na ce ya ji tsoron Allah ya gaya mini. Sai ya faɗa. Shekara biyu ke nan da sugan ya taɓa maka ido. Teburin da ka naɗe ka ce mana waya ta kashe sana'ar agogo, ashe ba waya ba ce. Ka hana shi gaya wa kowa, musamman ni, wai ina da hidimomi da yawa.

Na tambaye shi a ina ka ji an sake fito da motar. Ya ce a bakina. A wajen wani suna ne a Gyallesu, ina zaune a tabarma ina zuba wa mutane ƙorafi a kan kamfani, kai kana gefe. Duk surutun da na yi abu ɗaya ka ɗauka, wai an sake yin motarmu. A ranar ka kira shi ka ce ya nemo maka. Ya tambaye ka yadda za ka yi da ƙananan notin nan, ka ce, “Ai ba ni kaɗai ba ne. Ni in riƙe, Baffanka ya ɗaura. Mu yi tun ina ganin launinta.”

Wannan ce maganar da na katse a fili.

Bayan na kore ka da bakina, ka gwada kai kaɗai. Bashir ya ce shi ya ƙara maka girman lambobin wani zuwa da ya yi. Ya ce ka fito da tabarma tsakar gida da rana tsaka, inda haske ya fi yawa, ka maƙala gilashinka na agogo a ido, ka yi yini biyu a kan noti ukun nan. A rana ta biyu ka shafa su da yatsa, ka ji yadda suka zauna, ka mayar da komai cikin kwali.

Yaya, ban san sunan abin da nake ji ba in ba kunya ba, kuma sunan ya yi masa kaɗan. Ina jin kunyar rigar Juma'ar da ka sa don ka zo wurina. Ina jin kunyar igiyar nan, da na ga yayana ya yi tuntuɓe da abu a sarari da rana na ce fushi ne. Ni da nake cika baki ina hango bambancin launin roba daga nesa, na shekara biyu ina gaisawa da kai ban lura kana laluben hannuna ba. Da Inna tana raye, ban san da wace fuska zan shiga ɗakinta ba.

Shekaranjiya na je wajen ’yan gwangwan na bayan kasuwa, wai ina cigiyar wani guntun tagulla mai tsawon yatsa da aka ba su shekara shida da suka wuce. Na san wauta ce tun kafin in fita. Mai wurin ya saurare ni har ƙarshe, bai yi dariya ba, ya ce abin da ya kwana bakwai a wurinsu an riga an kai shi an narke. Na yi godiya na juyo.

Da na dawo na ɗauko ledar da hannuwan gaba na sabuwar suke ciki. Ban buɗe ba, ta jikin leda na duba. Ƙarfe ne, kuma an ƙara masa kauri daidai wurin da namu ya karye, inda kai ma ka bar wa naka kauri. Kamfani da injiniyoyinsa sun ɗauki shekaru kafin su yarda wurin nan yana da rauni. Kai a tsugune ka gani, a bakin kwalbati, kana da shekara goma sha tara. Abin da na kira ɓata mota a zaure da abin da na kira tarkace a fili abu ɗaya ne, kuma shi ne gyaran da ya dace.

Tunda ’yan zaure suna karantawa, bari su ji daga bakina. Ban ce ba bambanci tsakanin tsohuwa da sabuwa ba. Akwai, kuma mai sha'awar tara tsofaffi ya tara, ba laifi ya yi ba. Amma sabuwar ba jabu ba ce, masu ita ne suka sake yin abarsu, kuma na san haka tun ranar da na faɗa. Wadda take cikin gilashi a falona kuwa, ni da hannuna na cire mata duk abin da ya sa ta zama tamu. Yanzu irin ta kowa ce, ga ta nan ba ta zuwa ko'ina. Malam Ishaya ya fi ni gaskiya tun farko, ya kuma fi ni ladabi.

Na san ba da idonka za ka karanta wannan ba. Bashir ne zai zauna kusa da kai ya karanta maka, wato sai ya furta da bakinsa abin da Baffansa ya faɗa wa mahaifinsa a bainar jama'a. Na roƙe shi kada ya tsallake layi ko ɗaya don ya rufa mini asiri. Idan ka ji ya yi shiru a wani wuri, ka ce ya koma baya.

Ka yafe mini, Yayana. Ba ni da hujja, ban kuma zo da ko ɗaya ba.

Ban taɓa noti ukun nan ba, ban yanka leda ta biyu ba. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan kama hanyar Kano da sassafe da kwalin, don in iso rana tana sama, haske yana da yawa. Zan tsaya a ƙofar gida in yi sallama. Idan ka ce in shigo, zan shigo in durƙusa, abin da ka ce a kwance in kwance, abin da ka ce a bari in bari. Idan ba ka shirya ganina ba, ka sa a ce mini kana barci. Zan gane, zan juya, in sake dawowa wata Asabar.

Sai dai ina roƙonka kada barcin ya yi tsawo. Ban tambayi Bashir abin da likita ya ce ya rage maka na gani ba, domin ina tsoron amsar. Abin da na sani shi ne, ko nawa ne, na riga na cinye maka wata biyar a ciki, kuma ba ni da inda zan samo su in mayar maka.

Allah ya ba ka lafiya, ya tsayar da ciwon nan inda ya tsaya, ya bar maka hasken da ya rage, ya ƙara maka wani a kai. Allah ya saka maka da alheri a kan haƙurin da ka yi da ni tun ina yaro har na yi furfura. Allah ya jiƙan Inna da Baba, ya haskaka makwancinsu. Ni kuma Allah ya shirye ni, ya nufe ni da jin ka ce in shigo. Amin.

Ƙaninka mai jin nauyinka,
Nasiru
Tudun Wada, Zariya